Kada Ka Ɗauke Masa Dutsen Niƙa

Karatu: Maimaitawar Shari'a 24:6, 10-13, Matiyu 18:23-35



Wata Lahadi bayan sujada, wani ɗan'uwa ya tare ni a ƙofar majami'a, idonsa ja wur. Manomin shinkafa ne a nan yankin Kura, yana noman rani da ruwan da ke gangarowa daga madatsar Tiga. Ya ba wani mai walda rabin kuɗin injin bugun shinkafa, kafin alƙalami, a kan zai gama kafin girbi. Girbi ya zo ya wuce, ba inji, ba kuɗi. Yanzu kuma ya ji cewa ba shi kaɗai ke bin mutumin ba: mai ƙarfe na binsa, mai shago na neman kuɗin haya, yaran aikinsa sun watse. Ya ce mini, "Mai bishara, gobe zan kai shi kotu. In na yi sanya, wasu za su riga ni kwashe ɗan abin da ya rage."

Wataƙila kai ma kana da irin wannan a hannu. Naka magini ne, ko tela, ko mai gyaran injin ban ruwa. Abin da na fara faɗa masa shi zan faɗa maka: kuɗin nan guminka ne, neman sa ba zunubi ba ne. Zabura 37:21 ta kira mai cin bashi ya ƙi biya mugu. Romawa 13 kuma ta nuna mana Allah ne ya kafa hukuma. Kada wani ya ce maka zama Kirista shi ne ka yi shiru ana tatsar ka.

Amma kafin ka shigar da ƙara, tambayi kanka: mutumin nan ya ƙi ne, ko ya kasa? Tun da aka cire tallafin mai a 2023, wanda aikinsa ya dogara ga janareta bai ƙara barci mai daɗi ba. Ya yi ciniki da kai a kan wani farashi, kafin ya je sayen ƙarfe farashin ya tashi, sai ya ɗauki kuɗin wannan ya toshe ramin wancan. Ban ce ya yi daidai ba. Amma kai manomi, ka tuna 2016, lokacin da tsutsa ta cinye tumatir a Kadawa da kewaye. Mutum nawa ne suka kasa biyan mai taki a shekarar? In kana cikinsu, wa ya ɗaga maka ƙafa?

Sa'an nan ka duba abin da kotu za ta iya ba ka. Alƙali zai yanke hukunci, a ba ka takarda. Takarda ba ta haihuwar kuɗi a aljihun da babu komai. Sai ma'aikatan kotu su zo su ɗauke injin walda da janareta, a yi gwanjonsu a banza. Kai kuma ka riga ka biya kuɗin ƙara, da na mota, da kwanakin da ka bar gona ranar da ruwanka ya zo. Ɗan abin da ka samu ka samu, sauran ya mutu, gama hannun da zai biya ka ka riga ka sare shi.

Allah ya ga wannan tun zamanin Musa. Ya hana Isra'ilawa karɓar dutsen niƙa a matsayin jingina, domin wanda ya ɗauke shi ya ɗauke abincin gida duka. Ya kuma hana mai bin bashi kutsawa cikin gidan maƙwabcinsa ya zaɓi abin da ya ga dama. Sai ya tsaya a waje a fito masa da shi. Ka lura, Allah bai soke bashin ba. Abin da ya tsare shi ne ran mutumin da mutuncinsa a gaban iyalinsa. Injin walda dutsen niƙan mai walda ne, keken ɗinki kuma na tela.

A misalin da Yesu ya bayar, sarki ya yafe wa bawansa talanti 10,000, bawan ya fita ya shaƙe ɗan'uwansa a kan dinari 100. Dinari guda ladan yini ne, ke nan aikin sama da wata uku yake bi. Ba ƙaramin kuɗi ba ne, kuma da gaske yana binsa. Abin da ya kai shi hannun masu azaba shi ne, ɗan'uwansa ya durƙusa yana roƙon a ba shi lokaci, da irin kalmomin da shi ma ya yi roƙo da su ɗazu, bai gane muryar kansa ba.

Saboda haka tashi ka je wurinsa, kai kaɗai, ba da gayya ba. In bai saurare ka ba, koma da mutum ɗaya ko biyu. In mai bi ne, dattawan ikilisiya na nan. Bulus ya tsauta wa Korintiyawa sosai don suna jan juna gaban alƙalai. In kuwa maƙwabcinmu Musulmi ne, kamar yawancin waɗanda muke hulɗa da su a nan, akwai mai unguwa, akwai shugaban masu sana'arsa, kuma unguwa duka na kallon yadda mai kiran sunan Yesu yake bin bashi. Duk abin da kuka shirya a rubuta shi: nawa, yaushe, a sa hannu gaban shaidu. (Mu muna jin kunyar rubutu, sai rigima ta tashi mu fara rantse-rantse.) In daga baya ta tabbata yana da shi yana ɓoyewa, ko yana sayar da kaya da dare don ya gudu, ɗauki takardarka ka tafi kotu, amma ka bar fushinka a gindin gicciye kafin ka shiga.

Ni da ɗan'uwan nan mun je shagon ranar Talata. Muka tarar da gangar injin a jingine, an yi rabi. Mai waldan ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, wallahi kunya ce ta sa nake ɓuya." Aka shirya ɗan'uwan ya sayo ragowar ƙarfen da hannunsa, a cire daga cikon kuɗin, shi kuma ya ƙarasa aikin. Ya sake saɓa rana sau biyu, ɗan'uwan ya zo mini da ƙorafi sau biyu. Hasarar girbin farko ba wanda ya mayar masa. Amma injin yana gona yanzu, shagon kuma a buɗe yake.

Addu'a: Ya Uba, ka san wanda nake bi, ka san abin da ya ci mini. Ka ba ni ido in gane ko ya ƙi ne ko ya kasa. Ruhu Mai Tsarki, ka riƙe harshena ranar da zan je wurinsa. Ka buɗe masa ƙofar aiki ya biya ni, ka kuma tanada wa gidana kafin ranar ta zo. Cikin sunan Yesu, Amin.