Rumbun da Ba Shi da Gona

Karatu: Littafin Firistoci 19:9-10, Ayyukan Manzanni 6:1-7

Ga tambayar da za mu yi tunani a kanta yau: abincin da ya rage bayan ka ƙoshi kai da iyalinka, na wane ne? Yawancinmu za mu ce namu ne, tun da guminmu ne ya kawo shi. Kafin mu rufe maganar, bari mu dubi wani irin rumbu da ake kira bankin abinci.

A shekarar 1967, a birnin Finiks na jihar Arizona a Amurka, akwai wani mutum mai suna John van Hengel da ke aikin sa kai a wurin da ake dafa wa marasa galihu abinci. Ya gane cewa manyan shaguna suna zubar da abinci lafiyayye kullum, don kawai gwangwani ya lotse ko kwanan kaya ya kusa ƙarewa, alhali a cikin garin akwai iyaye mata da ke tona bola don su ciyar da 'ya'yansu. Da taimakon cocin St. Mary's ya sami wani tsohon gini, ya fara tattara wannan abinci yana rabawa. Wannan shi ne bankin abinci na farko. Daga nan abin ya bazu. A Ingila, ƙungiyar Trussell Trust ta buɗe nata na farko a garin Salisbury a 2000. A 2016 Faransa ta yi dokar da ta hana manyan shaguna lalatar da abincin da ba su sayar ba, sai dai su ba ƙungiyoyin agaji. A ƙauyukan Nijar kuwa an san bankin cimaka, inda ake tara gero da kaka lokacin da yake da araha, a fitar wa jama'a da damina sa'ad da rumbuna suka yi ƙasa.

Ku lura da abu ɗaya. Bankin abinci ba shi da gona, ba ya shuka, ba ya girbi. Duk abin da ke cikinsa wani ne ya kawo: manomi, mai shago, ma'aikaci, matar aure da ta ɗebi kaɗan daga awon gida. Wasu suka ba da mota, wasu suka ba da lokacinsu suna aunawa suna ɗaurewa. Ran da jama'a suka janye hannu, ran nan rumbun ya zama kango. Abin da ya fi wuya kuma shi ne, duk lokacin da tsadar abinci ta tashi, masu nema suna ƙaruwa, masu kawowa suna raguwa, duka a lokaci guda. Saboda haka tambayarmu ba ta wasa ba ce. Amsar da muka bayar ita ce za ta nuna ko gwauruwa za ta ɗora tukunya gobe.

Shari'ar Musa ta umarci manomi kada ya girbe gonarsa har gefe, kada kuma ya koma yin kala. Wannan rabon matalauci ne da baƙo. Ubangiji bai ce manomi ya bayar in ya ga dama ba. Gefen gonar tun farko ba nasa ba ne, ko da yake shi ya nome shi. A Maimaitawar Shari'a 14:28-29 kuma an ce kowace shekara ta uku a tara zakar amfanin gona a cikin gari, domin Balawe da baƙo da maraya da gwauruwa su zo su ci. Ashe rumbun jama'a tsohon shirin Allah ne. Idan haka ne, mai kai hatsi can ba alfarma yake yi ba, haƙƙi yake mayarwa ga mai shi.

Wani zai ce, ai wannan koya wa mutane lalaci ne, Bulus ma ya tsawata wa Tasalonikawa a kan ci ba tare da aiki ba. Gaskiya ne ya tsawata, amma da waɗanda suka ƙi aiki yake. Bai yi magana a kan wanda ya nema bai samu ba, ko wanda ambaliya ta cinye gonarsa, ko wanda aka kora daga ƙauyensa, ko ma'aikacin da albashinsa ke ƙarewa tun tsakiyar wata. Rut ta yini tana kala a gonar Bo'aza, ba malalaciya ba ce, buɗe mata hanya kawai aka yi. Gaskiya ne kuma bankin abinci ba ya kawar da tushen talauci. Sai an sami aiki da zaman lafiya da shugabanci na adalci. Amma da ruwan ciki ake jan na rijiya. Yaron da bai karya ba ba zai fahimci karatu ba, balle ya zama mai ciyar da wasu gobe.

Mu masu gaskata da mu'ujiza muna da tamu jarraba: mu yi wa mayunwaci addu'a mai zafi, mu sallame shi hannu wofi. A Yohanna 6 mu'ujizar ta fara ne da gurasa biyar da kifi biyu da wani yaro ya saki daga hannunsa, ta ƙare da umarnin a tattara ragowar, har aka cika kwando goma sha biyu. A karatunmu na yau, da aka yi gunaguni cewa ana tsallake wasu gwauraye wurin rabon abinci, manzanni sun sa a zaɓi mutum bakwai cike da Ruhu da hikima su riƙe aikin. Istifanus na cikinsu. Ruhu Mai Tsarki ba ya ƙyamar mudu da littafin lissafi.

To, me za mu yi? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan gida hamsin a ikilisiya suka kawo mudu ɗai-ɗai kowane wata, mudu hamsin ke nan. Ka kawo irin wanda kai ma za ka ci, ba waken da ƙwari suka huda ba. Kada ka jira Kirsimeti, gama yunwa ta fi tsanani a watan Agusta. A damƙa rumbun a hannun amintattu, a karanta lissafi a gaban jama'a. Kada a tambayi mai karɓa addininsa ko ƙabilarsa, kada a ɗauki hotonsa a sa a Facebook. Wanda ya zo karɓar haƙƙinsa bai kamata ya biya da mutuncinsa ba.

Addu'a: Ya Uba, kai ne mai ba da iri da ruwan sama. Ka nuna mini gefen gonata da ba nawa ba ne, ka ba ni zuciyar sakinsa kafin a roƙe ni. Cikin sunan Yesu, Amin.