Muryar Uwa: Darasi Daga Cikin Teku

 

'Yan'uwana mata, a aya ta 38 cikin Suratul An'am Allah Ya sanar da mu cewa dabbobi ma al'ummu ne kamar mu. Yau sai mu leƙa wata al'umma da ke cikin teku, wato kifin wel mai doro. Sunan kifi kawai ya ci, amma haihuwa yake yi, ya shayar da nono, ya taso sama ya shaƙi iska. Babba yakan kai mita 15, nauyinsa tan 30 zuwa 40. Duk girman nan ba shi da haƙori ko ɗaya. Wani abu ne kamar rariya Allah Ya jera masa a baki: ya kamfaci ruwa, ya tace, ƙananan kifi da jatan lande su tsaya.

A gaɓar Alaska ta Amurka gayya suke yi wajen neman abinci. Su nutse ƙarƙashin garken kifi, ɗaya ya riƙa zagayawa yana hura kumfa har ta zama shinge, wani ya saki kira mai ƙarfi, sai duk su taso lokaci guda baki buɗe. Nan ɗaga murya aiki ne. In sanyi ya shigo sai su yi tafiyar kusan kilomita 5,000 zuwa ruwan ɗumi na Hawayi, inda mazan ke rera waƙa mai tsawo da ake ji daga nesa. A can matan ke haihuwa. Abinci kuwa kusan babu, uwa takan yi watanni tana shayarwa daga kitsen jikinta, tana ramewa ɗan yana ƙiba. Wadda ta taɓa azumi da goyo ta san abin da ake nufi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wani bincike da aka buga a 2017 kan irinsu da ke yammacin Ostireliya. An manna na'urar ɗaukar sauti a jikin jarirai 8 da uwaye 2, sai aka ji ashe raɗa suke yi wa juna, 'yar ƙara wadda ba ta wuce mita 100. In ɗan yana son nono ma, gogar jikin uwar yake yi. Masu binciken na ganin dalili shi ne kada mafarautan teku masu cin jarirai su ji, kada kuma mazan su zo su raba ɗa da uwa. Subhanallah! Ga yunwa, ga gajiya, ga makogwaron da ya isa ya cika teku, amma in da ɗanta take sai ƙasa-ƙasa.

Mu fa? Yaro ya zubar da miya, sai unguwa ta sani. "Don ubanka!" "Allah Ya tsine maka!" Maƙwabta sun ji wanda ke fitsarin kwance, sun ji wadda ta faɗi jarrabawa, gobe 'ya'yansu su yi masa gori a makarantar allo. Na san gajiya ce, wani lokaci ma haushin maigida ne ake saukewa a kan yaro. To amma yarinyar da ta saba da tsawa, ranar da wani ya tare ta a hanya da maganar banza, wa za ta raɗa wa? Ƙawa za ta nema, ba ke ba.

Cikin wasiyyar Luƙman ga ɗansa, a aya ta 19 ta surarsa, akwai sassauta murya. Imam Muslim kuma ya ruwaito daga Jabir (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya hana mu yi wa 'ya'yanmu mummunar addu'a, kada ta dace da lokacin amsawa. Idan faɗan ya zama dole, ki ja shi ɗaki, ki sakaya labule, ki faɗi laifin da ya yi ba tare da kin haɗa da ubansa ba.