Mudun da Ke Kan Allo

Duk ranar Alhamis karar Maigatari kan cika da shanu da raƙuma da tumaki, da yawansu daga Nijar, tireloli kuma su kwasa su yi Kudu. Babban falke ko jami'in haraji ba zai iya bin kowace dabba da ido ba, shi ya sa manhajoji irin su Power BI da Tableau suke da amfani: a zuba musu rasit da lissafin ciniki, su tattara komai a allo guda. To wanda ya tsara allon nan, akwai hisabi a kansa, ko ɗan aiken na'ura ne kawai? A ganina mai awo ne, kuma gargaɗin Suratul Muɗaffifina ga masu tauye mudu ya hau kansa.

Za a ce ai kwamfuta ba ta ƙarya, abin da aka ba ta take tarawa. Haka ne, amma shi ma mudu ba ya ƙarya, sai hannun da ya lotsa gindinsa. An rufe iyakokin Nijeriya a Agustan 2019, ba a buɗe ta Maigatari ba sai Disambar 2020. Wanda ya auna cinikin 2021 da na 2020 kaɗai zai nuna wa maigida kasuwa ta haɓaka, alhali ƙofa ce kawai aka buɗe. Kowace lamba gaskiya ce, amma an ruɗi mai kallo. Haka nan bijimin da aka kora bashi, dillali ya tsaya a kai, in aka jera shi da wanda aka biya lakadan, an shafe bambancin da aya mafi tsawo a Alƙur'ani ta sauka don tsarewa, wato a rubuta bashi da wa'adinsa.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce allo ba ya ɗaukar komai, dole a zaɓa, kuma duk zaɓi yana barin wani abu a waje. Na yarda, taƙaitawa ba ha'inci ba ce. Sai dai Suratul Muɗaffifina ba ƙanƙantar mudu ta zarga ba, mutumin da ke cika awo in zai karɓa, ya rage in zai bayar ta zarga. A nan ake gane mai tsara allo: shekarar da ya ɗauka ma'auni ranar neman rance a banki, ita ce zai ɗauka ranar biyan haraji da fitar da zakka?