Rigar Yusufu da Hoton Zamani

Iyayenmu sun ce gani ya kori ji, kuma shekaru da yawa hoto yana cin albarkacin wannan magana. In an nuna mana hoto, gardama ta ƙare. Amma tun daga 1990, lokacin da manhajar Photoshop ta shiga kasuwa, hannun mutum ya ƙara samun sauƙin ɗauko abin da bai taɓa kasancewa a wuri ba, ya dasa shi cikin hoto, ya zauna daram kamar da shi aka ɗauka. Yau yaron da ke riƙe da wayar hannu yana iya yin haka kafin a gama karatu na farko a Misa. Saboda haka ya kamata mu tambayi kanmu: wanda ya ƙara abu cikin hoto, ya yi ƙarya ne ko bai yi ba?

Mu fara duba yadda aikin yake. Mai gyaran hoto ba manna abu kawai yake yi ba. Sai ya lura da inda haske ya fito, ya ba sabon abin inuwa da ta kwanta gefe ɗaya da sauran inuwoyi. Sai ya daidaita girmansa da nisansa, ya rage ko ya ƙara masa launi, ya goge bakin da aka yanko shi don kada a ga ɗinki. Dukan wannan ƙwarewa manufarta ɗaya ce: kada ido ya gane an taɓa hoton. Baiwa ce daga Allah, kamar baiwar maɗinki da ta masassaƙi. Amma baiwa ce da aikinta ɓoye sawunta, shi ya sa take bukatar lamiri fiye da sauran.

Littafin Farawa sura 37 ya ba mu labarin da ya dace. 'Yan'uwan Yusufu sun sayar da shi, suka yanka bunsuru, suka tsoma rigarsa cikin jinin, suka aika wa mahaifinsu ya duba. Rigar ta gaskiya ce, jinin ma na gaske ne. Ba su ne suka ce masa naman jeji ya cinye ɗansa ba. Yakubu ne ya duba, ya yanke hukuncin da kansa. Abu ɗaya suka ƙara a kan rigar, tsohon ya shekara da shekaru yana makokin ɗan da ke raye a Masar. Wa zai ce ba su yi ƙarya ba don kawai bakinsu bai furta ta ba? Waliyyi Agustin, bishop na Hippo a Afirka ta Arewa, ya koyar cewa zuciyar ƙarya ita ce niyyar ruɗi. Katekizim na Ikilisiyar Katolika na 1992 ya bi wannan koyarwa wajen bayanin Doka ta Takwas, ya kuma nuna cewa ana ƙarya da aiki kamar yadda ake yi da baki.

Wannan ma'auni yana sauƙaƙa mana hukunci. Iyali suna bikin aure, ɗansu yana karatu a ƙasar waje, aka sa shi cikin hoton tare da saninsa da sanin kowa: babu wanda aka ruɗa. Magini ya nuna wa kwamitin coci hoton fili da sabon ginin a kai don su ga yadda zai kasance: wannan taimako ne. Masu ɗaukar hoto na garuruwanmu sun daɗe suna tsayar da mu gaban labule mai zanen jirgin sama, babu wanda ya ɗauka mun je Landan. Laifin yana farawa a ranar da aka miƙa hoton a matsayin shaida. A 2006 wani mai ɗaukar hoto ya ƙara hayaƙi cikin hoton birnin Beirut lokacin yaƙi. Kamfanin labarai na Reuters ya janye dukan hotunansa, ya rabu da shi, ko da yake bama-baman sun faɗi da gaske. Gaskiyar da aka yi wa ƙari ta daina zama shaida.

Wani zai ce, ai wasa ne kawai. A watan Maris 2023 duniya ta cika da hoton marigayi Paparoma Francis sanye da ƙatuwar farar rigar sanyi, hoton da na'ura ta ƙirƙira, kuma mutane da yawa suka gaskata. Ba a zubar da jini a kansa ba. Amma a saƙonsa na Ranar Sadarwa ta Duniya ta 2024, shi da kansa ya yi gargaɗi a kan hotunan jabu, ya ambaci cewa shi ma an yi masa. Illar tana da fuska biyu. Mai gaskiya ana iya ɗora masa kwalbar giya a hannu ko wata mace a gefe, aurensa ya mutu, sunansa ya ɓaci. Mai laifi kuma, in an nuna ainihin hoton ɓarnarsa, sai ya ce haɗawa aka yi. A ƙasa irin tamu, inda hoto ɗaya a lokacin rikici ke iya fito da matasa kan titi da makamai, wannan ba abin dariya ba ne.

To, me ya rage mana? Masu wannan sana'a a cikinmu su ci gaba da ita da farin ciki, amma su faɗa a fili in sun ƙara abu, su kuma ƙi kuɗin wanda ya zo neman a ɓata wani. Mu da muke karɓar hotuna a waya mu tuna cewa a labarin Yusufu akwai waɗanda suka ɗauki rigar suka kai. Kafin mu tura, mu tambayi daga ina hoton ya fito, wa zai cutu in ba gaskiya ba ne. In mun riga mun yaɗa abin da ya ɓata sunan wani, Ikilisiya ta koyar cewa tuba kaɗai bai isa ba, wajibi ne mu gyara ɓarnar: mu koma inda muka tura, mu ce ba gaskiya ba ne.

Allah ya ba mu idon da ke bincike da hannun da ba ya shaidar zur. Amin.