Kajin Da Annoba Ta Taɓa: A Sayar Ko A Haƙura?

Da wuya a shiga gida a Panshekara a rasa akurki a bayan ɗaki. Da yawa daga cikinmu da albashin kamfanonin Challawa da Sharada muke riƙe iyali, albashin kuwa ba ya kai ƙarshen wata. Don haka kaji goma ko goma sha biyar da uwargida ke kiwo su ne asusun gida. Daga cikinsu ake fitar da kuɗin makaranta, da na magani, da baikon godiya na kaka.

Amma da hunturu ya kama, daidai lokacin da kaji ke tsada saboda Kirsimeti, sai annoba ta shigo. A wayi gari kaza ta saki fukafukai, tana numfashi da ƙyar, tana zawo kore, wata ma wuyanta ya murɗe. Likitocin dabbobi suna kiran wannan ciwo cutar Niyukasal. Ba ta da magani, kuma cikin 'yan kwanaki tana iya share akurki ƙaƙaf.

Kada mu yi wa mai wannan asara dariya muna cewa ai kaza ce kawai. Ubangijinmu da kansa ya kwatanta ƙaunarsa ga Urushalima da kaza mai tattara 'ya'yanta, ya kuma koya mana cewa ko ɗan tsuntsu ya faɗi, Uba yana sane. Wadda ta yi watanni tana ba kaji dusa da ruwa, idan ta zubar da hawaye a kansu, ba ta yi abin kunya ba.

Sai dai a cikin baƙin cikin nan akwai gwaji. A ce biyu sun mutu, saura goma sha uku suna tafiya kamar lafiyarsu ƙalau. Zuciya za ta ce a yi sammako a kai su kasuwa kafin su bi sauran. Za ta kuma kawo hujja: ai mai saye yana da ido, mu ma haka aka sayar mana, ga kuɗin makarantar yara. Hujjojin nan suna da nauyi, bai kamata wanda bai taɓa kwana da yunwa ba ya raina su.

Waliyyi Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya duba irin wannan tambaya, ya kawo misalin mai sayar da gurgun doki a matsayin mai gudu. Ya koyar da cewa idan aibin kaya a fili yake, aka kuma rage kuɗinsa daidai gwargwado, babu laifi. Amma idan aibin a ɓoye yake, kuma zai jawo wa mai saye haɗari ko asara, wajibi ne a faɗa masa. To, kazar da ta ci ta sha tare da waɗanda suka mutu tana iya ɗauke da cutar kwanaki kafin alama ta fito. Mai saye ba zai gani ba. Zai kai ta gida ta kashe masa nasa kajin, shi ma kuwa talaka ne kamar mu. Asarar tana nan, mun dai ɗora ta a kan ɗan'uwa, kuma doka ta bakwai, wadda ta hana sata, ta hana wannan.

Mun ga inda irin wannan ciniki ke kaiwa. A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye a wata gona da ke Jaji a Jihar Kaduna, karo na farko a Afirka, ba a daɗe ba ta bayyana a Kano. Jigilar kaji masu rai tana cikin hanyoyin da ta bi. A 2007 ta kashe wata mata a Legas, a 2015 kuma ta sake dawowa Kano. Alamunta sun yi kama da na Niyukasal, sai gwajin likita ke rarrabe su. Wanda ya ɓoye ciwon kajinsa bai ma san abin da yake ɓoyewa ba.

Abin da ya wajaba a kanmu shi ne mu ware marasa lafiya, mu binne matattu a rami mai zurfi maimakon jefa su a bola ko kwata, kada mu ci naman, mu wanke hannu da sabulu, mu sanar da maƙwabta da likitan dabbobi. Rigakafi kuwa ya fi magani. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, tana yin maganin rigakafin Niyukasal da ake ɗigawa a idon kaza, ana maimaitawa bayan wata uku ko huɗu. Kwalba ɗaya tana isar kajin gidaje da dama, don haka Zumuntar Mata za ta iya haɗa kuɗi a saya tare.

Mu kuma Ikilisiya muna da namu kason. Idan muka ce wa 'yar'uwa ta haƙura da asararta saboda tsoron Allah, sa'an nan muka bar ta ita kaɗai, mun ɗora mata kayan da mu ba mu taɓa ba. Bayan ta wanke akurkin ya huta, bari gidajen da annoba ta tsallake su kai mata kaza ɗai-ɗai da aka yi wa rigakafi, ta sake farawa.

Allah Uba, wanda ya san kowane tsuntsu, ya ta'azantar da waɗanda suka yi asara, ya kuma ba mu ƙarfin faɗin gaskiya a kasuwa kamar yadda muke faɗinta a gaban bagade. Amin.