Shin Tsoratarwa Wasa Ce?

Ya ke 'yar uwa, uwargida ce ke ko amarya, ko kuwa har yanzu kina gaban iyaye, matso kusa mu yi wata 'yar magana. Abin da zan faɗa miki ba labarin ƙanzon kurege ba ne. A gidanmu ya faru, nan cikin garin Dutse, kuma da hannuna a ciki dumu-dumu.

A kakar 2023 ne, an gama yankan gero, sanyin hunturu ya fara leƙowa da asuba, sai 'yar yayana ta zo hutu daga Abuja inda take karatu. Yarinya ce mai hankali da ladabi, ba ruwanta da rawar kai. Ta same ni a ɗaki ta durƙusa ta ce, "Goggo, don Allah ki taya ni roƙon Baba. Wani ɗan taro nake so in haɗa wa ƙawayena a tsakar gida. Shigar dodanni kawai za mu yi, mu ci mu sha, mu ɗauki hoto." Na ce wane irin taro ne kuma wannan? Ta ce, "Halowin sunansa, Goggo. Mata ne zalla, ba namiji ko ɗaya." Da na ji mata ne zalla sai hankalina ya kwanta. Ni na roƙi yayana har ya yarda, ni na soya cincin, ni na dafa zoɓo, ni kuma na ba da sautun manyan kabewa guda uku daga kasuwar Shuwarin.

Daren ranar, bayan sallar isha'i, aka kashe fitilun gidan. An fafe kabewar an yi musu ido da baki, an kunna kyandir a ciki. 'Yan mata kusan goma sha biyu, wata ta shafe fuska da alli, wata da gawayi, wata ta zizara janbaki daga gefen baki har haɓa kamar jini. Gaskiya ni ma na yi dariya har da riƙe ciki. Can sai wata ta fito daga bayan ɗakin girki, ta naɗe jikinta da farin alawayyo tun daga kai har ƙafa, ta cusa auduga a hanci, tana tafe tana tangaɗi. 'Yan mata suka ɗauki shewa, wayoyi suka tashi sama.

Abu biyu suka faru a lokaci guda. Ɗan autana mai shekara huɗu, wanda na zaci ya yi barci, ashe yana tsaye a bakin ƙofa. Ya ƙwalla wata irin ƙara wadda har yau in na tuna sai tsikar jikina ta tashi. Sannan mahaifiyarmu, wadda ta fito alwala, ta tsaya cak da buta a hannu. Hajiya tana cikin matan da ake kira wankan gawa a unguwarmu, kuma a daminar nan ta yi wa wata yarinya wanka, sa'ar waɗannan 'yan matan, wadda ta rasu wajen haihuwa. Ba ta yi faɗa ba, ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi, "Ku cire mata wannan. Lokacinsa yana nan zuwa, ba sai an yi gaggawa ba." Ta juya ta koma ɗaki. Tsakar gida ta yi tsit kamar ruwa ya ci shirwa.

Kwana huɗu yaron nan ba ya yarda a kashe fitila. Fitsarin kwance da ya daina tun bara ya dawo sabo. To tun daga ranar nake juya wannan tambaya a raina: shin tsoratarwa wasa ce? In wasa ce, ina iyakarta?

Bari mu fara da asalin abin, don kar mu yi hukunci a kan abin da ba mu sani ba. Ana yin Halowin ne a daren 31 ga Oktoba. Tushensa yana can ƙasashen Ailan da Sikotlan, inda mutanen da suke da wani biki na ƙarshen kaka da shigowar sanyi, suna ganin a wannan dare ne matattu da iskoki suke kusantar masu rai. Daga baya coci ya sa ranar tunawa da waliyyansa a 1 ga Nuwamba, daren da ya gabace ta ya ɗauki sunan da muke ji yau. Da yunwa ta faɗa wa Ailan daga 1845, sakamakon cutar da ta kama dankalin Turawa, mutane masu ɗimbin yawa suka yi ƙaura zuwa Amurka da al'adarsu. A can ne kabewa ta shiga cikin bikin, a can ne kuma ya zama daren da yara ke yin shigar ban tsoro suna bi gida-gida ana ba su alewa. Mu kuwa ta fim da waya ya iso mana, hoto tsagwaronsa, ba tare da tarihin ba.

Abu mafi sauƙi shi ne in ce miki al'adar Turawa ce, ki bar ta, in rufe littafi. Amma ba zan yi miki haka ba, don in na yi na ɓoye rabin gaskiya. Yo mu ba mu da shigar burtu? Ki tuna tashe. Da watan azumi ya kwana goma, yara suke fitowa bayan shan ruwa, wannan ya manna gemun auduga, wancan ya cusa tsumma a riga ya yi tumbi, wani ya shafe jiki da toka, suna bi gida-gida ana ba su hatsi ko 'yan kuɗi. A Kano har sarautar Nalako ake da ita, mai jagorantar tashen gwauraye. Ki tuna kuma tatsuniya. Wace ce a cikinmu ba ta taɓa maƙalewa a jikin kakarta ba ana ba da labarin Dodo, gabanta yana faɗuwa, amma tana cewa a ƙara? Ashe son ɗan tsoro a cikin wasa halin ɗan Adam ne, ba na Bature kaɗai ba.

To mene ne ya raba tsoron da na ji a cinyar kakata da wanda ɗana ya ji a bakin ƙofa?

Na farko, ni na nemi nawa. Ni na ce a yi mini tatsuniya, na san muryar mai ba da ita, na kuma san komai tsawonta za a kai ga ƙurunƙus a tashi. Yaron nan kuwa ba wanda ya tambaye shi. Ɗan shekara huɗu bai gama rarrabe abin da ake kwaikwayo da abin da yake na gaske ba. A wurinsa, abin da ya fito daga bayan ɗakin girki ba ƙawar yayarsa ba ce, fatalwa ce ta shigo gidan da yake ganin nan ne mafakarsa a duk duniya. 'Yan matan sun sha daɗin wasan, shi kuma ya biya kuɗin. Duk wasan da wani ke cin daɗinsa wani dabam yana biya, wallahi da sauran magana a kansa. Malamai ma suna kawo labarin sahabban da suke tafiya, ɗayansu ya yi barci, wani ya ɗauke masa igiyarsa don zolaya, ya farka a firgice, Manzon Allah (SAW) ya hana irin wannan tsoratarwa. Ki duba fa, igiya ce kawai, kuma babban mutum ne.

Na biyu, me ake kwaikwaya? Ɗan tashe yana kwaikwayon masu rai ne: tsoho mai kwaɗayi, mai maganin ƙarya, gwauron da ya ƙi aure. 'Yan mata kuma su kwaikwayi zaman miji da mata. Ana dariya, amma a ƙarƙashin dariyar akwai hannunka mai sanda, kuma kowa ya san ɗan gidan wane ne a bayan gemun audugar. Likkafani fa? A garuruwan da mutuwa take ɓoye a asibiti da gidan ajiyar gawa, wataƙila a iya mai da ita kayan ado. A nan Dutse, ko Kiyawa, ko Jahun, gawa a ɗakinmu take kwanciya, iyayenmu mata ne suke yi wa mace wanka, ta ƙofar zaurenmu ake fita da makara. Da wuya ki tara mata goma a tsakar gida ba ki sami wadda ta binne ɗa ko ta yi takaba ba. Farin ƙyallen da yarinyar ta ɗauka abin hoto, a idon Hajiya fuskar wata ce da ta rufe da hannunta wata uku da suka wuce.

Kar ki ce na ɗora wa 'yan matan laifi na wanke kaina. Da na zauna na yi wa kaina hisabi, sai na ga ni ma na daɗe ina wannan sana'a, ba ma da sunan wasa ba. Sau nawa na ce wa yaro, "Yi shiru ko dodo ya zo ya kama ka"? Sau nawa na ce, "In ba ka ci tuwon nan ba zan kira mai allura"? Ranar da zazzaɓi ya kama shi aka je asibiti, sai da mutum uku suka danne shi, ina ta faɗa wai ya cika tsoro, na manta ni na shuka. Muna tsorata yara ne don ya fi lallashi sauri, alhali abin da muka samu na minti biyar, su za su yi shekaru suna ɗauke da shi. Wanda bai ji bari ba, ai ya ji hoho, kuma ni na ji.

Saboda haka ba cewa nake kar a yi raha a gida ba. Gidan da ba dariya kurkuku ne, kuma 'yan matanmu gara su yi nishaɗinsu a gaban idonmu da su je nema a inda ba mu sani ba. Abin da nake cewa shi ne, uwargida ita ce mai tsaron ƙofa. Kafin ki ce "to" ga kowane irin taro, ki lissafa mutanen gidan duka, har da wanda ke goye da wadda ke kan darduma. Ki auna wasan da mafi rauninsu. In mafi ƙanƙanta zai iya dariya, mafi tsufa ba za ta sunkuyar da kai ba, to bismillah. In kuwa sai an ɓoye wa wani, ko sai an kulle wani a ɗaki kafin a yi, to wannan wasan ya fi ƙarfin tsakar gidanki.

'Yar yayan nawa, Allah Ya yi mata albarka, da safe ta je ta durƙusa gaban Hajiya ta ba da haƙuri, ta kuma sa ƙawayenta suka goge hoton mai farin ƙyallen. Ita da kanta ta ɗauki ƙaninta ta kai shi bayan ɗakin girki da rana tsaka, ta nuna masa ba kowa sai tulu da itace. Kabewar nan kuwa, ɗaya da kyandir bai ɓata ba, miyar taushe muka yi da ita.

Da azumi ya zagayo, yaran unguwa suka shigo tashe da gemunsu na auduga. Ina kallon ɗan autana, gabana yana faɗuwa. Ya ɓuya a bayan zanena, ya leƙo, ya sake leƙowa, sai ya gane ɗan maƙwabcinmu ne. Ya fashe da dariya ya ce, "Umma, ni ma a yi mini gemu."

Allah Ya ba mu ikon riƙon amanar waɗanda ke ƙarƙashinmu, Ya sa gidajenmu su zama wurin natsuwa ga babba da yaro, amin.