Ayar Allah a Gonakin Inabin Burgandi

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya shimfiɗa ƙasa, Ya saukar da ruwa, Ya fitar wa bayinSa abinci iri-iri daga turɓaya. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ka sani ya ɗan'uwa mai neman sani, a gabashin Faransa akwai wani yanki da ake kira Burgandi, wanda ya yi suna a duniya saboda giyar inabi. Hukuncin giya a wurinmu a fili yake. An saukar da haninta daki-daki, a Baƙara, sannan a Nisa'i, har Ma'ida ta zo ta rufe ƙofar gaba ɗaya. Hadisi ya haɗa mai matse ta da mai dakonta da mai sayar da ita cikin la'ana tare da mai sha, malamanmu kuma sun hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai yi da shi. Amma fa kurangar inabi halittar Allah ce, haka ma ƙasar da ta tsiro a kai. Aya ta 4 ta Suratur Ra'adi ta ja hankalin masu tunani ga filaye maƙwabtan juna, har da gonakin inabi, yadda ruwa guda yake shayar da su amma amfaninsu ya sha bamban a baki. Mutanen Burgandi sun shafe kusan shekara dubu suna bin diddigin wannan bambanci taku-taku, saboda haka labarinsu ya cancanci mumini ya tsaya a kansa.

Zuciyar yankin wani siririn gangaren tudu ne da ya miƙe daga birnin Dijon zuwa ƙauyen Santenay, tafiyar kilomita 60 ko kusa da haka. Gangaren yana kallon gabas, rana tana fitowa ta same shi. A rabinsa na arewa akwai ƙauyuka irin su Gevrey-Chambertin da Chambolle-Musigny da Vosne-Romanée da Nuits-Saint-Georges, inda kusan kowa baƙin inabin da ake kira Pinot Noir yake nomawa. Rabin kudu ya kewaye garin Beaune. A can Pommard da Volnay suna yin jar giya, Meursault da Puligny-Montrachet kuma suna yin fara daga inabin Chardonnay. Masu sana'ar suna cewa ta Gevrey da ta Pommard suna da nauyi da bauri, ta Chambolle da ta Volnay kuwa taushi da ƙamshi suka fi yawa, alhali Pommard da Volnay iyaka ɗaya suke, irin da suke shukawa ma ɗaya ne.

Sirrin yana ƙarƙashin ƙafa. A saman tudu ƙasa ba ta da kauri, dutsen farar ƙasa ne kusan a fili, ga iska mai sanyi. A gindin tudu laka ce da ruwa ya wanko ya tara, tana riƙe danshi, kuranga ta yi ganye da 'ya'ya da yawa marasa armashi. A tsakiya ne tsakuwa da yumɓu suka gauraya daidai, ruwa ya wuce bai kwanta ba, saiwa ta nutsa cikin tsagar dutse. Za ka ga 'yar hanya wadda keken doki ne kawai zai bi ta raba gona biyu, kuranga jere a tsayin ƙugu ta kowane gefe, amma kuɗin ta sama ya ninka na ta ƙasa sau da yawa. An ƙidaya irin waɗannan filaye masu suna da iyaka har 1,247, kuma a 2015 hukumar UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya. Ɗaya daga cikinsu, Romanée-Conti, bai kai hekta 2 ba, amma giyarsa tana cikin mafi tsada a doron ƙasa.

Waɗanda suka aza harsashin wannan sani ruhubanawan Kirista ne. An kafa gidan ibadarsu na Cluny a 910, na Cîteaux a 1098. Masu mulki suka riƙa ba su kyautar filaye, su kuma suna da abin da manomi ɗaya ba shi da shi, wato rubutu da tsawon zamani. Wannan ya mutu wancan ya ɗora, ana lura da inda inabi ya fara nuna da inda ruwa yake kwanciya, a ja katangar dutse a inda ƙasa ta sauya hali. Gonar Clos de Vougeot mai hekta 50 tana cikin katangar da suka gina har yau. A 1395 mai mulkin Burgandi, Filip, ya ba da umarnin a tumɓuke inabin Gamay saboda yawan 'ya'yansa ya fi ingancinsu. A 1443 wazirin ƙasar, Nicolas Rolin, da matarsa suka gina wa matalauta asibiti a Beaune, aka yi ta ba shi kyautar gonaki, kuma har yanzu kowane watan Nuwamba ana gwanjon giyarsa don ayyukan jinya. Musulmi ba zai yi sadaka da kuɗin giya ba, domin Allah ba Ya karɓar sai mai tsarki, amma gona da aka tsayar don majinyata har ta haura shekara 500 abu ne da ya kamata ya tuna mana da waƙafi.

Sai zamani ya juya. Bayan juyin juya halin 1789 aka ƙwace filayen coci aka sayar, dokar gado ta zamanin Napoliyon kuma ta raba su tsakanin 'ya'ya, har Clos de Vougeot ta koma hannun mutum kusan 80, wani ma 'yan layuka ne rabonsa. A 1878 wani ɗan ƙwaro mai cin saiwa da ya fito daga Amurka ya iso yankin, ya yi ta kashe gonaki, ba a tsira ba sai da aka yi wa kurangar Faransa aure da saiwar ta Amurka. A watan Afrilun 2021 sanyi mai daskarar da raɓa ya sauka bayan toho ya fito. Manoma suka kwana a gona suna kunna gwangwanayen kyandir tsakanin layuka, hannuwa na karkarwa, duk da haka aka yi asara mai yawa. Ilimin shekara dubu bai hana ƙwaro da sanyin dare guda yin aikin da Allah Ya aiko su ba.

To, mene ne rabonmu a nan? Manominmu ya san jigawa daga fadama, ya san inda gero yake so da inda dawa take so, a wajen Kudan ta ƙasar Zazzau ma ana noman inabin ci. Sai dai yawancin wannan sani a ƙirjin tsofaffi yake, tsoho ya rasu a binne shi da shi. In har wasu sun yi haƙurin ƙarni bayan ƙarni suna rubuta halin ƙasarsu saboda abin da aka hana mu, mu da aka umarta da karatu da lura mun fi cancanta mu yi haka saboda halal. Ɗalibi ya zauna gaban kakansa da alƙalami, ya rubuta sunan kowace gona da halin ƙasarta da irin da ya karɓe ta, ya bar wa na baya.

Allah Ya sa mu cikin masu lura da ayoyinSa, Ya wadata mu da halal, Ya tsare mu da zuriyarmu daga abin da Ya haramta. Allah ne Mafi sani.